Mudu Goma a Ƙofar Malam Isma'ila

"Ran Asabar za ni, Iklima."

Mutari ya faɗi maganar ba tare da ya dube ta ba. Suna tsaye a kan gaɓar da ta raba gonakin shinkafar Saga da gulbi, la'asar ta yi sanyi, manoma sun fara haɗa kayan aikinsu. Iklima ta sauke kwandon da ke kanta ta ajiye a hankali.

"Za ka ina?"

"Agadas. Daga can in wuce wurin zinariya."

"Wurin da ko salula ba ta kamawa? Inda mutum ka shekara biyu ba a san ko shina raye ba?"

"Shi nika so. Inda ba ni jin sunanki ga bakin kowa."

Duk wanda ya san unguwar Saga ta bakin Yamai ya san abin da ya kawo su wannan tsayuwa. Gonar Malam Isma'ila, mahaifin Iklima, tana jingine da ta Sumana, mahaifin Mutari, kuma magudanar ruwa ɗaya ke shayar da su. A Saga ruwa da rana ake ba da shi, kowa da ranarsa, yadda ƙungiyar manoma ta tsara. Shekara goma sha biyu da suka wuce, a wani rani mai zafi, Sumana ya ga dashensa yana ƙonewa, ya toshe magudanar da laka a ranar da ba tasa ba. Hasan, ƙanen Malam Isma'ila, ya je buɗewa. Aka yi kokawa, lauje ya kuɓuce, idon Hasan na hagu ya tafi. Sumana har gobe cewa yake kuskure ne. A ƙofar asibiti, gaban mutane fiye da ashirin, Malam Isma'ila ya ɗaga yatsa ya rantse da Allah cewa shi da gidan Sumana sun rabu, kuma jininsa ba zai taɓa gauraya da nasu ba.

A lokacin Iklima tana da shekara goma sha ɗaya, ba ta san ma da ita ake ba. Sai ga shi duk samarin da ke Yamai, daga Saga har Lazare inda take kai shinkafar gumi kasuwa, babu wanda zuciyarta ta kwanta da shi sai ɗan Sumana. Sau uku Mutari yana tura manya. Sau ukun Malam Isma'ila yana shimfiɗa musu tabarma, ya ba su ruwa, ya yabi yaron har su ji kunya, sannan ya ce, "Ba ni da ta cewa. Na rantse. Alƙalami ya bushe."

"Mutari, dube ni," in ji Iklima.

Ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja, sai ta ji tausayinsa ya kama ta, ga kuma haushinsa, ta rasa wanda ya fi yawa.

"Ƙaddara ta, Iklima," ya ce. "Tun ba mu san kanmu ba anka rubuta. Na yi addu'a, na yi azumi, na turo kawuna, na turo liman. Mi ya rage? Allah bai yi ba. Ki auri Jamilu, mutumin kirki na, ga shago ga mota, kuma Babanki na son shi. Ni dai kada in gani da idona."

"Kai za ka zaɓa mini miji yanzu?"

"Ba haka nika nuhi ba."

"Baba da ya haihe ni bai tilasta mini Jamilu ba. Cewa ya yi in kawo wanda nika so, ban da kai. Shi ne kai za ka tsaya nan ka ba da ni sadaka?"

Hawayen da take riƙewa suka zubo. Ba ta share ba, ta bar su suna bin kumatunta har cikin gyale.

"Shekara ukku, Mutari. Shekara ukku ina ratsa wannan gaɓa da kaya bisa kai, alhali ga hanya can mai sauƙi, don kawai in gan ka cikin laka kana dashe. Inna ta yi mini hwaɗa har ta gaji. Ƙawayena duk sun yi aure, sai dariya suka yi mini. Ban taɓa cewa na gaji ba. Kai namiji kai ne za ka hwara gudu?"

"To mu tahi tare," ya ce da sauri. "Mu je Gaya, ko mu ƙetare iyaka. Akwai malamin da za shi ɗaura muna."

"In bar ubana da kunya ga gari? In haihi ɗiya da ba su san ƙohwar kakansu ba? A'a. Ta ƙohwa nika son in hita, da albarka."

"Ƙohwar a ruhe take."

"Wa ya ruhe ta? Allah ko mutum?"

Mutari yaro ne mai kirki, ba a taɓa jin kansa da kowa ba, amma irin mutanen nan ne da in an ce musu an rubuta, sai su naɗe hannu su jira a karanta musu. Iklima kuwa 'yar ubanta ce, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Taurin kan da Malam Isma'ila ya riƙe rantsuwarsa da shi shekara goma sha biyu, shi ta gada tsaf, sai dai nata ya zo da fara'a.

Ta ɗauki kwandonta ta aza.

"Ka ba ni zuwa Asabar ɗin. Kada ka motsa sai ka ji daga gare ni."

"Mi za ki yi?"

"Ban sani ba tukuna," ta ce, kuma gaskiya ta faɗa.

*

Washegari Alhamis, bayan an tashi daga karatun mata, Iklima ta tsaya har kowa ya watse. Malama Zainabu, tsohuwar da ke koya musu fiƙihu, tana naɗe tabarma. Iklima ta karɓe ta, ta durƙusa, ta yi tambayar da babu wanda ya taɓa yi a gidansu.

"Malama, in mutum ya rantse da Allah ya yanke zumunci da maƙwabcinshi, shi ke nan har mutuwa?"

Malama ta dube ta ta saman tabarau. Saga ba ta da girman da za a ɓoye irin wannan tambaya.

"Wa yac ce miki haka? Wanda ya rantse bisa abu, ya ga waninsa ya hi alheri, sai shi yi kaffara shi koma ga alherin. Miskinai goma za shi ciyar, kowa mudun Annabi guda na abincin da gidanshi ka ci."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Amma ki ji da kyau, ɗiyata. Ba ki iya yi mishi a ɓoye. Abincin sai ya zama nashi, niyya kuma sai ta hito daga zuciyatai. Ke iyakarki ki kai doki bakin ruwa."

Iklima ta fito ta kama hanyar gida. Mudu goma! Abin da ya hana ta barci shekara uku, ashe bai kai rabin buhun da take ɗauka zuwa kasuwa ba. Sai kuma wani tunani ya faɗo mata: Baba almajirin ilimi ne, da wuya a ce bai san wannan hukunci ba.

Ba ta gaya wa Mutari ba. Ta san shi, in ya sa rai abin ya rushe, ba zai sake tashi ba. Ta ce a ranta bari ta kai masa labari cikakke.

Ranar nan ba ta zauna ba. Ta fito da shinkafar guminta, wadda ta jiƙa da hannunta, ta turara, ta shanya, ta kai inji. Ta sheƙe ta, ta tsince ta tsaf har babu tsakuwa ko ɗaya, don ta ce abin da za a ba Allah ba a ba shi na baya. Da yamma ta bi rumfunan da mutanen da ambaliya ta cinye wa gidaje suke zaune, ta yi sallama ɗaki ɗaki. Ta zaɓi mutum goma, tsofaffi da gwauraye mata, ta roƙe su su zo ƙofar gidansu gobe da hantsi.

Inna Amina, mahaifiyarta, tana kallonta tana auna shinkafa a ƙananan kwanoni.

"Iklima, wuta kika wasa da ita. Ubanki ba a tara mishi mutane."

"Inna, gaban mutane ya rantse."

Inna ta miƙa hannu ta karɓi mudun.

"Cika shi da kyau. Ba a shahe bakin mudun sadaka."

*

Juma'a da hantsi Malam Isma'ila ya dawo daga gona, wandonsa a naɗe, laka har gwiwa. Ya tarar da tabarmi a ƙofar gidansa, mutane zaune a jere, ga kwanoni goma cike da shinkafa a kan faifai. Maƙwabta sun fara leƙowa. Ya tsaya cak.

"Lahiya? Wa ya rasu?"

Iklima ta fito daga zaure. Ta taka ba gaggawa, ta durƙusa a gabansa, gwiwa biyu a ƙasa.

"Baba, wagga shinkahwa tawa ta, da gumina na same ta. Ga shaidu, na ba ka ita kyauta, ta zama taka. Waɗanga bayin Allah kuwa mabuƙata na. Malama ta ce rantsuwa tana da kaffara. Komi na shirya, Baba. Niyya kaɗai ta rage, ita kuwa ba ni iya yi maka."

Fuskar Malam Isma'ila ta sauya, jijiyar goshinsa ta tashi.

"Ni kinka tara ma jama'a? Ni za ki koya ma addini?"

"Wane ni, Baba. Kai ka koya mini alif."

"To tashi ki sallame su."

"Zan tashi, Baba. Amma ka yi mini abu guda." Ta ɗago ta dube shi, ta ci gaba. "Shekara ukku kana ce mini ba ka da ta cewa, an ɗaure ka. Na yarda, na yi ta kuka ina jin tausayinka, ina cewa Babana na sona, rantsuwa ta hana shi. Yau ga mabuɗi gabanka. In ka ce a'a, wallahi na haƙura, ba ka sake jin sunan Mutari ga bakina. Amma ka ce kai ne ka hana. Kada ka ce Allah na."

Wata tsohuwa a kan tabarma ta ce, "La ilaha illallahu," a hankali.

Malam Isma'ila ya dubi 'yarsa. A duk 'ya'yansa babu wadda yake ji da ita kamar wannan, kuma bai taɓa ganin kansa a fuskarta kamar yau ba. Ya kawar da kai ya bi layin mutanen da ido, kamar mai neman hanyar fita. Sai kuwa ya samu.

"Goma anka ce," ya ce da sanyin murya. "Tara nika gani."

Iklima ta waiwaya ta ƙirga. Tsohuwa ɗaya ba ta zo ba, ashe zazzaɓi ya kwantar da ita.

"Kin gani?" in ji Malam Isma'ila. "Ko nan ma Allah bai nuhwa ba. Kuma in gaya miki, rantsuwar ga ba don kaina na yi ta ba. Akwai idon ƙanena cikinta. Mudu nawa za ki auna ki biya ido?"

Iklima ta sunkuyar da kai.

"Matsa mini, Hajiya."

Kowa ya juya. Baba Hasan ne, ƙanen Malam Isma'ila, da tsohuwar rigarsa da hular da yake ja ta rufe gefen idon da ya mutu. Tun da ambaliya ta rushe ɗakinsa yake zaune a rumfa can bakin gulbi yana gyaran taru, a can ya ji labari. Ya ratsa mutane, ya zauna a ƙarshen tabarma, ya shimfiɗa bakin rigarsa a kan cinya.

"Mun cika goma."

"Hasan, tashi. Mi kaka yi haka?"

"Miskini ni ke, Yaya, kowa ya sani. Ba ni da ɗaki, ba ni da gona. Malamai ba su hana a ba ƙane in ba shi da shi ba."

"Don kai na rantse!"

"Ka tambaye ni?" Baba Hasan ya ɗaga fuska, idonsa guda yana ƙyalli. "Ina kwance gidan likita ban san inda kaina yake ba, ka rantse da idona. Shekara goma sha biyu kana yawo da shi ga aljihu. Nawa na, Yaya, ba naka ba. Ni na daɗe da yahe ma Sumana. Duk salla sai ya aiko mini da nama a ɓoye, ina ci a ɓoye, don tsoronka. Tsoho da ni! Na gaji. Harshe da haƙori ma suna saɓawa su zauna baki guda. Ido guda ya rage mini, ina so in ga auren ɗiyar ga da shi. Zuba mini."

Inna Amina tana bakin zaure, ta toshe baki da gefen zane.

Malam Isma'ila ya daɗe a tsaye. Iklima tana kallon ƙafafunsa, lakar ta fara bushewa tana tsagewa. Can ta ga sun motsa. Ya sunkuya ya ɗauki kwano na farko. Leɓunansa suka motsa da bisimilla. Ya zuba wa tsohuwar farko a gyalenta, ya koma ya ɗauki na biyu. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai bari kowa ya taya shi ba. Da ya zo kan ƙanensa sai ya durƙusa, ya juye kwanon a bakin rigarsa, ya dafa kafaɗarsa. Hawaye suna bin gemunsa, bai ɓoye ba.

"Na san hukuncin ga tun kahin a haihe ki," ya ce wa Iklima ba tare da ya juyo ba. "Daɗin rantsuwa, mutum ba shi sake tunani. Kin raba ni da inuwata, ɗiyar ga." Ya share fuska da hannun riga. "Ki gaya ma yaron shi turo manyanshi. Ni na ce, ba wani ba."

Guɗa ta tashi daga tsofaffin matan. Iklima ta kifa goshinta a kan ƙafar mahaifinta tana kuka tana godiya, har sai da Inna ta ɗaga ta. Ranar nan ko masu cewa ta cika taurin kai sun sara mata. Yarinya ba ta ɗaga murya ba, ba ta gudu ba, ba ta kai ƙara wurin kowa ba, ta kwance abin da liman da dattawan unguwa suka kasa.

Ta ruga ɗaki ta ɗauko salularta, wadda tun asuba ba ta waiwaya ba. Sai ta ga saƙon murya daga Mutari, an turo shi ƙarfe huɗu da rabi. Ta danna tana murmushi.

"Iklima, ki yahe mini. Ba ni iya jiran Asabar. In na sake ganin hawayenki ba ni iya tahiya, in na zauna kuma ba abin da za shi sake. Ga mu gar, tashar mota, yanzu mota za ta tashi. Na cire layin ga, kada ki wahal da kanki da kira. Abin da Allah bai rubuta ba, ba mu iya rubuta shi. Ki yi aurenki."

Murmushin ya daskare a fuskarta. Ta kira, a kashe. Ta sake kira, a kashe.

Ba ta san lokacin da ta fito ƙofar gida ba. Mutane ba su gama watsewa ba. Ta miƙa wa mahaifinta salular, sai Inna ce ta danna saƙon kowa ya ji.

"Kai, wawan yaro!" in ji Baba Hasan yana buga cinya. "Kwana guda ya kasa!"

Iklima ta share idonta. Kanta ya riga ya fara aiki.

"Yanzu ba su wuce Dogon Dutsi da nisa ba," ta ce. "Kahin su kai garin Tawa sai yamma. In anka samu lambar direba, ana iya sauke shi. In ya wuce Agadas kuwa shi ke nan." Ta dubi mutane ɗaya bayan ɗaya. "Motocin Agadas suna da yawa. Wa ya san wadda ya shiga?"

Wani maƙwabci ya yi gyaran murya.

"Tun kahin asuba na ga Sumana ya ɗauke shi bisa babur. Shi ya kai shi gar. In akwai wanda ya sani, shi na."

Iklima ta gyara gyalenta za ta wuce. Malam Isma'ila ya tare ta da hannu.

"Ina za ki? Ɗiya mace ba ta zuwa gidan surukai roƙon miji." Ya warware naɗin wandonsa, ya kakkaɓe busasshiyar lakar, ya gyara hularsa. "Hasan, tashi ka raka ni. Na manta yadda aka yi mishi sallama."